Lodin dawowa da cikon "sai an sayar"

Duk wanda ya saba bi ta wuraren da manyan motoci ke tsayawa a Damagaram ya san wannan. Tirela ta zo daga Yamai ta sauke shinkafa da man girki da sukari ranar Litinin, har Alhamis tana nan inda aka bar ta. Direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, yaron mota na fifita gawayin shayi, waya ba ta barin hannu. Mota lafiyarta lau, takardunta cikakku, lodin komawa kawai ake jira. Can da la'asar sai ɗan kamasho ya iso da wani alhaji mai buhunan wake a mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a tsaya ciniki a gindin taya.

"Alhaji, ka san kuɗin Yamai. A duba mana dai."

"Haba direba, ai ko ban ba ka kaya ba gida za ka. Ga kuɗin gazuwal yanzu, ciko in an sayar."

"To, ranka ya daɗe, yaushe ke nan?"

"In sha Allahu ba zai daɗe ba."

Direba ya koma gefe ya kira maigidansa, maigida ya ce a loda. A cikin wannan ɗan zancen mai mota ya yi rangwame har biyu. Na farko a kan farashi, kuma wannan kowa ya gan shi, an yi ja-in-ja a kansa. Na biyu a kan lokaci, shi kuwa ba wanda ya sa masa kuɗi, ba wanda ma ya kira shi da sunan rangwame. A gidan mai mota na tashi. Kawuna mota ɗaya tak gare shi, ni nake riƙe masa littafin shiga da fita lokacin ina makaranta, kuma abin da na gani a wannan littafi shi ne rangwamen lokacin ya fi na farashin cin mota.

Mu fara da dalilin da ya sa lodin dawowa yake da araha, don akwai masu ɗauka tsabar mugunta ce ta masu kaya, alhali lissafi ne. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. A watan Yuli na 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da kuɗin litar gazuwal, wato man dizal, daga sefa 668 zuwa 618. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, mota mai cikakken lodi tana shan lita 45 a kowane kilomita 100, in babu kaya kuma lita 30. Da lodi za ta sha lita 405, kimanin jika 250 ke nan, wato sefa dubu 250. Wayam kuwa lita 270, kimanin jika 167. Tsakaninsu jika 83. Motar nan dole ta koma gida ko da kaya ko babu, jika 167 ɗin nan sun riga sun fita daga aljihu tun kafin a tayar da inji. Albashin direba na nan, inshora na nan, kuɗin shingayen hanya na nan. Saboda haka duk abin da mai wake ya bayar sama da jika 83 da ɗan abin da nauyi zai ci na taya, a idon mai mota ya fi komawa hannu rabbana. Mai mota ya san haka, mai kaya ma ya sani, kuma kowannensu ya san ɗayan ya sani. Shi ya sa alhajin can ya fara da "ai gida za ka".

Wani abu na biye da wannan wanda bai tsaya a tasha ba. Mai motar da ya san da wuya ya sami kayan komawa, tun a Yamai zai ɗora kuɗin dawowarsa a kan shinkafar da ya ɗauko. Matar da ta sayi tiya ɗaya a kasuwar Dole ta Damagaram ta biya wani ɓangare na gazuwal ɗin motar da ta koma ba komai, ba tare da ta sani ba. In lodin komawa ya wadata, masu motoci sai su sassauta kuɗin zuwa don su sami shiga hanyar. Wake da riɗi da fatu da rake na Matamai da tattasan Difa da ke fita, su ne ke rage wa kayan da ke shigowa tsada. Wanda yake son ganin abin a fili ya dubi tankokin da ke ɗaukar mai daga matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a hanyar Tanut. Tanka ba ta ɗaukar wake. Ta je cike, ta dawo wayam, kullum, kuma kuɗin jigilarta tun asali na zuwa da dawowa ne. Ba ta da matsalar da muke magana a kai saboda ba wanda yake yaudarar kansa game da ita.

Wace ce tafiya, wace ce dawowa? Wannan ba a rubuce yake a jikin hanya ba, nauyin kaya ne ke yanke shi. A hanyar teku abin a bayyane yake: kayan da Nijar ke shigowa da su a mota sun fi waɗanda take fitarwa a mota nesa ba kusa ba, don haka motoci kan hauro cike daga tashar jiragen ruwa su gangara da ɗan abin da ya samu. Tsohuwar yarjejeniya da Benin ta ware wa motocin Nijar kashi biyu bisa uku na kayan da ke wucewa ta tashar jiragen ruwan Kwatano, amma ba ta iya samar musu abin da za su gangara da shi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Gaya, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina cikin jerin gwano da rakiyar sojoji, kwanakin tafiya suka ƙaru, kuma yawan zagayen da mota ke yi ya ragu.

Hanyar Kano kuwa, wadda ita ce jinin jikin Damagaram, juyawa take da shekara. Nisan bai wuce kilomita 240 ba ko ɗan sama da haka, ko ta Matamai da Daura ko ta Magarya. Da kaka nauyi kudu yake yi, motoci ba sa isa, mai mota ne ke juya baya ga ciniki. Gabanin Layya raguna ne ke cika motoci zuwa Mai'aduwa da Maigatari. Da bazara ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, sai abin ya juye: masara da dawa da siminti da kayan masarufi ke haurowa daga kasuwannin Dawanau da Singa na Kano, gangarawar ce ta zama dawowa. Mota ɗaya, direba ɗaya, hanya ɗaya, amma a Nuwamba shi ake roƙo, a Yuni shi ke roƙo. Kuma duk wata doka da ta taɓa ƙafa ɗaya ta tafiyar sai ta taɓa ɗayar. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 an ga haka. Da gwamnatinmu ta hana fitar da hatsi da wake a Oktoba 2024, in ban da zuwa Mali da Burkina, da kuma hana fitar da dabbobi a Mayu 2025, niyyar ita ce abinci da ragon Layya su yi sauƙi ga talaka, kuma niyya ce da ba wanda zai raina. Sai dai motar da ta rasa abin gangarawa da shi, simintin da za ta hauro da shi ne zai biya mata ƙafa biyu.

Kakanninmu ba baƙin wannan lissafi ba ne. Ayarin gishirin Abzinawa bai taɓa tafiya a miƙe ya dawo a miƙe ba, kusurwa uku yake yi. Su tashi daga Abzin wajen Oktoba da gero, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko kantun gishiri da dabino, su dawo gida su ɗan huta, sannan su gangaro Damargu da Damagaram har ƙasar Kano. A nan su sayar da gishiri, raƙuma su kwana a gonakin manoma su bar taki, a sayi geron da za a koma da shi, wanda wani ɓangarensa shi ne jarin zuwa Bilma na baɗi. Babu ƙafar da raƙumi ke yi bayansa fayau. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, da yake babu kiwo a Tenere, tun a hanyar zuwa suke ajiye dammunan ciyawa a wurare sanannu don su tarar da su a dawowa. Tun ba a isa ba an riga an shirya komawa. Haka fataucin da ya haɗa Tarabulus da Agadas da Damagaram da Kano, wanda ya ɗaukaka garin nan zamanin Sarki Tanimu ya kuma haifar da attajirai irin su Malam Yaro, a kan bashi ya tsaya. Kaya su fito daga bakin Bahar Rum, a juya su zuwa fatu da gashin jimina, kuɗi ba zai koma hannun mai shi ba sai bayan watanni masu yawa. Amma mai ba da kayan ya san tsawon jiran, ya kuma sa shi cikin farashi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wannan hanyar ta mutu, don lokacin da take ci ya zama tsada da ba mai iya biya.

To, mu dawo kan ciko. Ba na cikin masu cewa a daina bashi a kasuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma in aka ce yau kuɗi hannu kawai, rabin kasuwar Dole rufewa za ta yi. Alhajin da ya ce sai an sayar, sau da yawa gaskiya ya faɗa. Kuɗinsa ya shige cikin wake a kasuwannin ƙauye, dillalinsa a can zai ba wa mai saye bashi, mai sayen kuma sai ya kai kaya gaba ya sayar kafin ya turo. Mai shanu ma haka: a sayar a Maigatari, a jira sai an yanka a Legas. Sarƙa ce, kowa na jiran na gabansa. Tambayar ita ce a ƙarshen sarƙar nan wa ke tsaye, kuma ko ya yarda ya tsaya a wurin.

Jinkirin biya iri-iri ne, amma a tasha duk suna ɗaya muke ba su, kuma nan ne rikicin yake. Akwai riƙe ciko har sai an sauke kaya an ƙirga. Wannan haƙƙin mai kaya ne. Buhu 400 ya loda, yana son ganin 400, ba jiƙaƙƙu ba, ba waɗanda aka tsiyaye ba. Cikon nan jingina ce, kuma duk mai motar da ya san aikinsa ba ya jin haushinta. Akwai kuma ajali sananne: ranar kaza ga wata, ko Alhamis biyu masu zuwa. Shi ma mai mota zai iya tsara kansa a kai, ya san ranar da zai biya mai gidan mai. Sai na ukun, "in an sayar", wanda ba shi da rana. A nan mai kaya ya ɗauki hatsarin kasuwarsa ya ɗora wa mai mota. In wake ya faɗi, alhaji ya ce a ajiye a mangaza sai farashi ya tashi, mai mota ya jira tare da shi. In farashin ya tashi alhaji ya ci riba, ko dala ba a ƙara wa mai mota. An mai da shi abokin tarayya a jira, an cire shi a rabo. Da ƙiradi ne, wato ba da jari a raba riba, da an yanka masa kaso tun farko.

Malamanmu na zaure sun daɗe da warware wannan, mu ne muke karantawa mu bar shi a zaure. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan bashi take, kuma abu biyu ta fara da su: ajali ambatacce da rubutawa. Aya ta 280 ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, hadisi ingantacce kuma ya kira jan ƙafar mawadaci zalunci. Wato shari'a ta raba wanda ba shi da shi da wanda yake da shi amma yana juya kuɗin mutane. A fiƙihun Malikiyya an yarda a sayar da abu da farashin bashi wanda ya ɗara na kuɗi hannu, muddin an tsaya a kan guda ɗaya kafin a rabu. Abin da aka hana, kamar yadda yake a Risala, shi ne bayan bashi ya tabbata a ƙara wa'adi don a ƙara kuɗi, ko a rage kuɗi don a gaggauta biya. Wannan na biyun kuwa kullum ana yin sa a tasha. Mai mota ya bi cikonsa na jika 200 wata biyu, ƙarshe ya ce, "Alhaji, ba ni 170 yau mu rabu lafiya." Ya yi rangwame na uku ke nan. Hikimar da na fahimta a nan ita ce, wurin da lokaci ke da kuɗi a halal shi ne gindin taya, kafin a ɗora buhun farko. In aka wuce nan, ƙofar ta rufe.

Dokar zamani ma ba ta bar mai mota a banza ba. Nijar na cikin ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci, kuma tun 1 ga Janairu 2004 dokarta kan jigilar kaya ta mota ke aiki. Ta tanadi takardar lodi mai ɗauke da sunan mai aikawa da mai karɓa da yawan kaya da kuɗin jigila. Ta ce, in ba an rubuta wani sharaɗi daban ba, a biya kafin a miƙa kaya, kuma mai mota na da ikon riƙe kayan har sai an biya shi. Ta kuma sa shekara ɗaya a matsayin wa'adin kai ƙara. Sai dai ikon riƙe kaya yana aiki ne kawai muddin kayan na kan mota, kuma motar dawowa ita ce ta fi kowa gaggawar saukewa, don lodinta na gaskiya, mai kuɗi, yana jiran ta. Da ƴan dako sun sauke buhun ƙarshe, abin da ya rage a hannun mai mota lambar waya ce. In kuma kayan Kano aka kai, Najeriya ba ta cikin OHADA, sai dai a bi ta hannun dattawan kasuwa da shugabannin tasha. Su ɗin suna ƙoƙari, na sha ganin sun ƙwato wa mutum haƙƙinsa cikin yini ɗaya, amma ba za su iya hukunci a kan ranar da ba a taɓa ambata ba.

Akwai wani ramin da mutanen Yamai ba su cika faɗawa ba sai mu na bakin iyaka: da wane kuɗi aka ƙulla cikon? Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kowane yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa, da aka sake ta a Yuni 2023, daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Mai motar da ke sayen gazuwal da taya da sefa, cikonsa kuma yana Kano da naira ba rana, kowane mako ɗan canji na yanke masa wani abu. Ba a cuce shi a lissafi ba, adadin da aka ce shi aka ba shi cif, amma abin da kuɗin ke saye ya zube a hanya.

Nawa ne ainihin kuɗin jira? In da ruwan banki za a auna, ba shi da yawa. A 2014 hukumomin kuɗi na yankin sefa sun sa iyakar kuɗin ruwa a kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun lamuni. Ko da kashi 24 ɗin aka yi lissafi, jika 300 na wata biyu jika 12 ne kacal. Masu kaya da yawa haka suke gani, shi ya sa suke mamakin mai mota na ta kira a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma mai mota ɗaya ba ya zuwa banki, ko don tsoron riba ko don ba wanda zai ba shi. Cikon jiya shi ne gazuwal ɗin gobe. A littafin kawuna na ga watan da muke bin mutane huɗu kuɗin da ya isa sayen tayoyi sababbi, mota kuma na tsaye kwana tara a garaji saboda kuɗin gyaran da bai kai rubu'in haka ba. A cikin kwanakin nan lodi biyu na kaka suka wuce mu. Asarar ba jika 12 ba ce, tafiya biyu ce a lokacin da mota ta fi daraja a shekara. Na tuna na ce masa, "Kawu, me zai hana mu je mu zauna a ƙofar shagon mutumin nan?" Ya ce, "Ɗana, in na ɓata da shi yau, da bazara wa zai ba ni kaya?" Babban kamfani mai motoci hamsin zai iya jiran wata uku, ya ma ci kasuwa da haƙurinsa. Mai mota ɗaya ba zai iya ba, kuma galibin motocin da ke tashoshinmu na irinsa ne.

Daga nan jiran sai ya gangara ƙasa kamar ruwa. Mai mota ya ɗauki gazuwal bashi, ya ɗauki tayar gwanjo bashi, ya ce wa bakanike ya ɗan yi haƙuri, ya ce wa direba albashi sai an karɓo ciko. Direba na da iyali a Garin Malam ko Sabon Gari, ba zai ce musu sai an sayar ba. Sai ya nemi nasa lodin dawowar a cikin lodin dawowa: buhu ashirin na wani a saman na alhaji, fasinjoji a kan kaya, ɗan gazuwal da ake zuƙewa a hanya. Mai mota da kansa, don ya cike giɓin farashi, sai ya yarda a ɗora tan da ya wuce ƙarfin mota. Ƙungiyar ƙasashen sefa ta UEMOA ta kafa doka tun 2005 kan nauyin da kowace ƙafar mota za ta ɗauka, amma sikeli ba ya maganin dalilin da ya sa aka yi lodin. Kwalta ta farfashe, mota ta karye a tsakiyar daji tsakanin Tanut da Agadas, wani lokaci kuma a rasa rayukan waɗanda ke zaune a sama. Ban ce kowane hatsari daga ciko ya taso ba. Na dai ce taya mai sanƙo da direban da bai ga albashi ba wata biyu suna da tarihi, kuma in aka bi tarihin sau da yawa a wani "ba zai daɗe ba" ake tsayawa.

Masu motocin gida ma suna da nasu kukan, kuma da gaskiyarsu. Mutum ya yi kwana biyar a layin sandika, wato ƙungiyar masu motoci, yana jiran juyinsa, sai baƙuwar mota ta zo ta kwashe lodi a rabin kuɗi, ta kuma yarda da bashi. Ita dawowa take, shi kuwa tafiya ce, ba zai iya farashinta ba. In aka bar abin sakaka, motocin gari sun mutu. In kuma aka toshe baƙi gaba ɗaya, za su koma wayam su ɗora mana kuɗin a kan shinkafa, namu motocin kuma a rama musu a Yamai da Kano. A ganina gasa a kan farashi ba laifi ba ce, don motar dawowa da gaske ta fi araha, kuma manomin wake na amfana. Gasa a kan wa ya fi iya jira ita ce mai kashewa, kuma a nan ne sandika za ta iya sa baki ba tare da ta hana kowa neman abinci ba.

Abin da nake gani zai yiwu ba ya buƙatar sabuwar doka. Mai mota ya zo gindin taya da farashi biyu a bakinsa, na biya a wurin saukewa da na biya bayan kwana talatin, a zaɓi ɗaya kafin a fara lodi. Mai kayan da ya ga jiran na da kuɗi, sau da yawa sai ka ga ya nemo kuɗin. Yanzu da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana suka cika garuruwa, nisa ya daina zama uzuri, direba na tsaye a wurin saukewa kuɗi za su iya shiga hannun maigidansa. Kuɗin kafin alƙalami su wuce na gazuwal kaɗai, su haɗa da kuɗin hanya da rabon direba, don kada jiran ya isa tukunyar gidansa. A takardar lodi, ko da fallen littafin makaranta ne, a rubuta abu uku da aka saba tsallakewa: ranar ciko, sefa ko naira, da sunan wanda zai biya, mai aikawa ko mai karɓa. Rigingimu da yawa da na gani a kan na ƙarshen nan ne, na Damagaram ya ce karɓi a can, na can ya ce ai ba ni na ɗauke ka ba. Hoton takardar a WhatsApp ya ishi shaida a gaban dattawa. Sannan masu mota su koma tunanin ayari, su daina kallon tafiya a matsayin zuwa da dawowa. Siminti daga Kano zuwa Damagaram, hatsi daga nan zuwa Agadas, albasa da dankali da tafarnuwar Abzin daga can zuwa kudu. Wanda ya shirya lodin komawarsa tun bai tashi ba, ba ya ciniki da rana ta huɗu a kansa.

Sai ɗan kamasho, wanda ake yawan zagi amma ba a iya yi ban da shi. Shi ya san wace mangaza ke da kaya, wane alhaji ke biya, wane ne sai an kai ruwa rana. Wannan sanin shi ne hajarsa. Matsalar ita ce yana karɓar la'adarsa gaba ɗaya da an ɗaure tamfol, daga nan ba ruwansa da ko an biya ko ba a biya ba, har ma ya fi masa sauƙi ya haɗa baƙon direba da mai kayan da ƴan gari suka guje wa. A shekarunsa na ƙarshe a harkar, kawuna ya tsaya a kan ba wa ɗan kamasho rabin la'ada ranar lodi, rabi ranar da ciko ya shigo. Biyu daga cikinsu suka daina kawo masa kaya. Na ukun ya zauna, kuma daga lokacin shi ne ke zuwa shagon mai kaya da sassafe ya gaishe shi ya tuna masa ranar da aka rubuta.